Ɓeran da Ya Ci Waya

Motar hayar ta shigo garejin Gado tana tari, baƙin hayaƙi na bin ta. Lurwanu ya kashe ta, ya sauko, ya ajiye wani ɗan kwali a kan murfin inji.

"Baba, kafta ce ta mutu. Ga sabuwa na sawo Maradi. Canzawa kawai za ka yi."

Kafta ita ce 'yar na'urar da ke auna matsin iskar da inji ke shaƙa. Lurwanu ya miƙo salularsa, wadda wani mai gyara a Maradi ya haɗa da motar. Ta nuna cewa wutar da ke fitowa daga kaftar ta yi ƙasa. Gado ya karanta, ya gyaɗa kai. Bai taɓa kwalin ba.

Lurwanu ɗansa ne na fari, don haka tsohon ba ya kiran sunansa. Direba yake ce masa, kamar kowa a tashar Gidan Rumji. Tun ranar da saurayin ya dawo daga wani wa'azi, ya tsinke layun da ke damtsensa, ya jefa su a murhu gaban uwarsa, bai sake cin tuwon gidan ba. Garejin nan ne kaɗai wurin da uban ke ganinsa, in mota ta matsa.

"Ba ni canza abin da ban auna ba," in ji Gado.

"Fasinja na jirana. In ba ka iyawa, in maishe ta Maradi, kuma ba ni ƙara kawo ta nan."

"Sai ka tura ta da hannu."

Ya ɗauko mitar awo. Wayoyi uku ne ke shiga kaftar: mai kawo wuta, mai zuwa jikin ƙarfe, da mai kai labari ga ƙwaƙwalwar mota. Ya sa Lurwanu ya murɗa makulli. Ta farko ta ba da volt biyar, daidai yadda ake so. Ta ukun kusan babu komai a cikinta. Don ya rufe bakin direban, ya buɗe kwalin, ya maƙala sabuwar kaftar. Allurar mitar ba ta motsa ba.

"Ka gani? Kaftarka lafiya lau. Wuta na zubewa a hanya."

Fuskar Lurwanu ta canza. "To wani ya taɓa mini mota. Jibo ne. Tun da na karɓe mai layin Maradi yake harara ta. Wallahi yau sai ya faɗi abin da ya yi."

"Zamna cikin mota ka riƙe makulli. Kada ka fito sai na ce."

Mai neman irin wannan ciwo yakan bi wayar ne daga baki, yana lalube da yatsa har ya iske inda ta ji rauni. Gado bai bi ta ba. Ya daɗe tsaye yana kallon allurar, sannan ya zura hannu kai tsaye bayan inji, can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Zafin ƙarfe ya ƙone masa bayan hannu, bai janye ba. Ya warware wani abu a hankali, ya fito da hannun a dunƙule, ya sa a aljihun riga.

Robar wayar ta gurje, jan ƙarfen cikinta ya fito yana taɓa jikin inji. Ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe da kyau. Allura ta tashi. Da aka tayar da motar, muryarta ta dawo, hayaƙin ya washe.

Lurwanu ya leƙo, ya ga guntun wayar da aka yanke. "Mi ya ci ta haka?"

"Ɓera."

"Wane irin ɓera ke cin waya ba alamar haƙori?"

"Tsoho ne. Haƙoransa sun zube." Gado ya dube shi ido cikin ido. "Ka fita harkar Jibo. Na rantse maka ba hannunsa a ciki."

"Ta yaya ka sani?"

"Ni na gyara, ni na sani. In kana da wani uban da ya fi ni sanin inji, tai ka tambaye shi."

Aka kira azahar. Lurwanu ya ɗauki butar garejin, ya tsaya jim, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Wata mai zuwa zan kawo ta a canza mai."

Gado ya jira har Lurwanu ya sha kwana da butar. Sannan ya zaro layar da ya ɓoye a aljihu, ya kwance mata wayar ƙarfen da shi da kansa ya ɗaure ta da ita ranar juyen man da ya wuce, ya sake ɗaure ta bayan injin ɗansa, wannan karon da zaren auduga, nesa da kowace waya.