Wadda Eilif Yake Jinya

Eilif ya yanka tuffa ƙanana-ƙanana ya kai mata, ya dawo da kwanon yadda ya kai shi. Kwana uku ke nan ba ta sa komai a baki ba. Ya goge mata yawun da ke bin haɓarta, ya gyara bargo, ya kulle ƙofar. Sannan ya saɓa bindiga ya fita cikin dusar ƙanƙara.

Maharban kwarin suna jiransa a bakin gada, kamar kullum tun da takardar hukuma ta zo. An ga wata barewa a gefen titi tana ta zagaye wuri ɗaya, ko mota ba ta gudu. Da ma bareyi sun ragu: inda ake ƙirga ɗari uku, bana ba su kai ɗari ba. Takardar ta ce a kawo kan wannan barewa a gwada ko tana da ciwo mai yaɗuwa kafin yammacin Juma'a. In ba a kawo ba, za a ɗauka ciwon ya bazu, a turo masu harbi ta jirgi su share garken duka.

Oddvar, shugaban maharban kuma yayan Gunvor matar Eilif, ya miƙa masa kofi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Suruki, ai ka fi barewar ramewa. Mu yanke naka kan mu aika musu, kowa ya huta."

Aka yi dariya. Oddvar ya rage murya ya ce matarsa za ta leƙo da miyar kifi, ta ɗan share masa gida. Eilif ya ce a bar miyar a bakin ƙofa. Ba ya son kowa ya shiga.

Kowace safiya shi yake zaɓar gangaren arewa, mafi nisa, ya yi ta tafiya ba ya ko duban sawu. Da rana ta yi tsaka ya sulale gida. Wani lokaci ta ɗago ta gane shi. Wani lokaci ta zuba wa bango ido kamar ba kowa a ɗakin.

Ranar Alhamis suka hango garke a bakin daji, iyaye da 'ya'yansu na bana suna tonon ciyawa a ƙarƙashin ƙanƙara. Oddvar ya ƙirga su da leɓe har ƙarshe. Ya ce ranar Asabar ba ko ɗaya da zai rage, kuma gara da Gunvor ba za ta gani ba.

Eilif ya koma gida ya zauna a ƙasa kusa da ita, hannunsa a wuyanta. Ya auna ta kowace fuska, bai ga ƙofar fita ba. Da gari ya waye ya ɗauki waya ya kira Oddvar.

"Ka zo da motarka, kai kaɗai. Ka taho da bindigarka. Ni hannuna ba zai iya ba."

Oddvar ya iso, Eilif ya buɗe masa ɗakin saƙar Gunvor, ya juya baya.

A kan bargon ƙanwar Oddvar, wadda suka binne wata huɗu da suka wuce, barewar da suka kwana tara suna nema ce kwance, marainiyar da Gunvor ta raina da kwalbar madara, wadda da ciwo ya ci ƙarfinta ta dawo ƙofar gidan da ƙafarta.