Hannu Na Goma Sha Uku

Mandar ya shigo taron a makare, gashin da aka aske masa na makoki bai gama tsirowa ba. An jera kujerun roba a tsakar ginin, jami'in gwamnati na zaune gefe da shayinsa, mai kyamara na ɗauka, don doka ta ce sai an ga hannun kowa.

Magana ɗaya ce: a ba kamfani ya rushe tsohon benensu na unguwar Dadar ya gina dogo, kowa ya samu sabon gida daidai faɗin nasa har da ƙari. Gidaje ashirin da biyar ne. Takwas-takwas a hawa uku da ke kan shagunan ƙasa, sai na shugaban ƙungiyar mazauna, Karnik, shi kaɗai a hawa na huɗu, can sama inda matakalar ta koma ta ƙarfe.

Shekara shida mahaifiyar Mandar tana roƙon a sa lifta, na'urar hawa bene. Shekara shida Karnik yana hanawa. "Ni da na fi kowa nisa ban yi kuka ba," yakan ce yana buga cinya. "A sa lifta, sai ma'aikatan birni sun zo sun yi ta leƙe-leƙe. Wa ke son wannan?"

Ran da zuciyarta ta tsaya, a kujerar katako aka sauko da ita daga hawa na uku, ruwan damina na dukan taga. Matakala hamsin da huɗu. A ta talatin hannunta ya saki wuyan Mandar.

Aka ɗaga hannu. Sha biyu na so, har da Karnik. Sha biyu ba sa so. Duk ido ya koma kan Mandar.

Gwaggo Indu, maƙwabciyarsu, ta ja masa riga. "Ɗana, ka tuna uwarka. Wannan tsohon kuren, saman sabon bene yake hari, mai kallon teku. Ka hana shi!"

Mandar ya miƙe a hankali, ya dubi Karnik. "Kawu, zan yarda. Sharaɗi ɗaya. A auna gidan kowa da zanen ginin na asali, wanda ke da hatimi. In babu shi, a ja tef."

Karnik ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Zane? Yaro, shekarar ambaliya ruwa ya cinye ofishinmu, ya cinye na birni. Uwarka ce mai buga mana takardu, da idonta ta gani. Rubuta masa, sakatare, rubuta! Maraya ba a musa masa."

Aka rubuta. Karnik ya fara sa hannu, ya juya ya yi wa kyamara murmushi. Jami'in ya buga hatimi. Mandar ya ɗaga hannu na goma sha uku.

"Ka sayar da ita da akushin alewa," in ji Gwaggo Indu, ta tofar da yawu. Alewar kuwa ana ta rabawa. Mandar ya karɓi tasa, ya gode, ya haye.

Bai yi sauri ba. A matakala ta talatin ya ɗan tsaya, kamar kullum.

Ɗakinta har yanzu ƙamshin man kwakwa yake. Ya buɗe akwatin ƙarfen, ya ɗaga zannuwanta ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan shuɗiyar takardar da ta hauro da ita a ka ran ambaliya, ta shimfiɗe a ninke a ƙasan akwati don kada tsatsa ta ɓata mata kaya. Ba ta taɓa buɗe ta ba. Shi ya buɗe, kwana goma sha uku bayan an ƙona gawarta bisa al'adarsu.

Mandar bai gama sakandare ba, amma ya iya ƙirga. Ya sa yatsa kusa da hatimin, ya sake hawa da shi a hankali: ɗaya, biyu, uku, sai tankin ruwa da sararin sama. A zanen, babu hawa na huɗu.