Goma Bisa Goma a Littafin Ɗaliba

Saƙon banki ya shigo ana tsakiyar darasin rabawa. Sabon Malam ya ji waya ta motsa a aljihu, ya juya wa 'yan aji huɗu baya kamar zai goge allo, ya leƙa. Albashi ne, na goma sha biyu tun da ya fito da digirinsa na koyarwa, kuma na farko da aka saka ƙarin da aka daɗe ana alkawari. Ya goge allon tas, har da aikin da yara ba su gama kwafa ba. Aji ya ɗauki gunaguni. Shi kuwa murmushi yake wa allo.

Bashin karatu ya hana shi sakat shekara guda cur. Ofishin lamuni ne ya biya masa makaranta shekara huɗu, bayan jami'in ya daɗe yana jujjuya takardunsa yana ɗago kai yana kallonsa. Yanzu duk wata sai an yanke kashi ɗaya cikin huɗu kafin albashi ya iso hannunsa. Sai dai akwai ƙa'ida: malamin da ya cika shekara, shugabar makaranta ta sa hannu cewa ya iya aiki, za a yafe masa rabin bashin. Takardarsa ta neman yafiyar tana kan teburin Shugaba tun Litinin. Yau Alhamis, gobe za a rufe karɓa.

Shugaba kuwa ba ta sa hannu don kunya. Sau goma sha ɗaya ta dawo masa da littafin tsara darasi, ja ya fi baƙi yawa. A ɗakin malamai kowa ya yarda ta fi matsa masa a kan kowa. In ya shiga ofishinta ma ba ta zama, a tsaye take karanta masa kurakuransa.

Yau duk wannan bai dame shi ba. Da aka tashi hutun tara ya hau matakala bibbiyu, gwiwa tana ƙara bai kula ba. Ya aika a sayo wa ɗakin malamai lemo, ya zauna a kujera mai hannu da suka saba bar masa, ya jawo tarin littattafan yara. Duk wanda ya buɗe sai ya ga yaron ya yi ƙoƙari.

"Wannan fara'ar ta albashi ce," in ji malamar turanci, "ranar goma ga wata za mu zo yi maka jaje."

"Ku zo da lemo," ya ce.

Yana cikin duba aiki lissafi ya taso masa. Ya samu farin shafi a gabansa, ya sa jan biro: albashi, abin da za a yanke in an yafe rabi, haya, cefane, wuta. Abin da ya saura bai taka kara ya karya ba, amma ya saura. Hannu ya riga ya saba, sai ya ja layi biyu a ƙasa, ya buga maki goma bisa goma, ya rufe ya ɗora a kan tari.

Ranar Alhamis Shugaba take zagayawa ta zari littafi biyar daga kowane aji, ta ga yadda malami ke duba aiki. Ta zo, ta zara, ta wuce. Sai da ƙarar takalminta ta ɓace ya tuna farin shafin nan ba nasa ba ne. Shafin ƙarshe ne na littafin yarinyar da ke zama bakin taga. Ya birkice tarin sau uku. Babu shi.

Bayan an tashi aka ce Shugaba tana kiransa. Ya same ta a tsaye, littafin a buɗe, takardar lamuni a gefe babu sa hannu.

"Malam, rubutun wa ne wannan?"

"Nawa ne, Shugaba."

"A littafin ɗaliba. Da iyayenta sun san kuɗin cefanenka yau." Ta sa bakin biro a tsakiyar shafin. "Kuma ka cire haya sau biyu. Ga ta nan, ga ta nan. Ka ba kanka goma."

Ya ciro tabarau ya duƙa. Haka ne. Ashe abin da zai saura ya ninka wanda ya yi ta murna a kai. Dariya ta taso masa, ya danne ta da tari, ta ƙi dannuwa.

Shugaba ta soke goman, ta rubuta shida. Ta ce gobe ya sayo wa yarinyar sabon littafi daga aljihunsa. Ta karanta layin ƙarshe, inda ya rubuta abin da zai yi da ragowar: sabon takalmi. Ta dubi na ƙafarsa. Sannan ta jawo takardar, ta ce darasin rabawa da ta tsaya ta saurara ta taga makon jiya ya fi na kowa a makarantar, ta sa hannu, ta buga hatimi.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya nufi ƙofa, ya dawo ya ɗauki tabarau, ya sake nufar ƙofa da littafin yarinyar maimakon takardar. Ta bi shi ta musanya masa, ta tura ƙofar ta rufe, ta sassauta murya.

"Baba, takalmin ka bar mini, ni zan saya."

Ya girgiza kai yana dariya. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙin babbar mota don ta yi karatu ba ta ci bashin kowa ba, kuma takalmin farko na albashin malanta ba 'yarsa ce za ta saya masa ba.