Koriyar Mota Ta Ci Gwaji

Istifanus ya cika tankunan motocin biyu da hannunsa, ya ɗaure murafen da waya, ya buga musu darma. Mutumin Jos ne, makaniken ƙungiyar manoman shinkafa ta Haɗeja, kuma bakin dillali bai taɓa burge shi ba. A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ne ƙungiyar ta tashi sayen babbar mota. Dillalai biyu suka kawo nasu daga Kano, koriya da ja, kowa yana rantsuwa tasa ƙamshin mai kawai take shaƙa.

Shi ya tsara gwajin. Hanya ɗaya, Haɗeja zuwa Kafin Hausa a dawo, gudu ɗaya, buhunan shinkafa daidai wa daida. Wadda ta fi ƙarancin shan mai da hayaƙi ita za a saya, kuma shi zai ɗauki alhakin zaɓen.

Lodi aikin Bakari ne, mai kula da sito, maƙwabcin Istifanus da suke cin tuwo kwano ɗaya.

"Kai da ciwon bayan nan naka, nemi inuwa ka zauna," in ji Bakari. Da kansa ya jawo buhu ɗaya daga kowace mota ya ɗora a sikeli, nauyi ya zo ɗaya.

A hanya koriyar ta riƙa tsalle a gargada kamar ɗan maraƙi, jar tana nishi a baya. Da aka dawo Istifanus ya kara farin ƙyalle a bakin salansar kowace mota, na koriyar da ƙyar ya yi duhu. Ya auna sauran mai, ya tarar ɗan kaɗan ta sha. Ya bugi ƙirji a gaban dattawa ya ce ita za a saya.

Kaka na yi, mota ta nuna hali. A lodin farko daga fadama ta zuƙe tanki kafin a kai Miga, hayaƙinta kuwa har masu shanya kifi a bakin kogi sai da suka tsine mata. Istifanus ya kwance inji ya ɗaure, ya sake kwancewa, bai ga komai ba. Gari ya ɗauka an toshe masa baki. Wannan magana ta ci masa rai, shi da ko goron dillali bai karɓa ba.

Ranar da ƙungiya ta yi taro a kan maganar, Bakari kaɗai ya tsaya masa. Ya baro masu buga masa sabon rufin kwano a gida, ya zo ya yi ta musu har muryarsa ta dushe. Duk da haka aka sallami Istifanus, ya fita yana share ido yana yi wa amininsa godiya.

Da safiyar da za su bar garin, yana ɗaure kaya a tsakar gida, matarsa Dibora tana neman abin da za ta shimfiɗa wa tangaran ɗinta kada su fashe a hanya. Sai ga Yagana, matar Bakari, idonta jawur, ɗauke da daro cike da ƙaiƙayi.

"Kin wahalar da kanki, 'yar'uwa," in ji Dibora.

"Wace wahala? In bai isa ba ki aiko a ƙaro. Ai lodin koriyar motar nan na ranar gwaji gaba ɗaya gidanmu aka sauke shi, har yau mun rasa inda za mu kai ƙaiƙayin nan."