Kafin Gahawa Ta Huce

Finjali bakwai a jere kan tebur, tururi na tashi, ba wanda ya taɓa nasa. Ni magatakarda, na dakata da rubutun da nake yi.

Tsofaffin gidan kulawa ne suka zo ofishin shugaban ƙaramar hukumarmu. Kuɗin riƙe gidan sun gaza, za a rufe shi ƙarshen wata.

"Baba, ku sha mana," in ji shugaba.

Makahon cikinsu ya yi murmushi. "Ɗana, kakanka bai taɓa barin gahawar baƙo ta huce ba. Ko zaman birnin Amman ya mantar da kai?"

A wajenmu, baƙon da ya ajiye finjali da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an biya masa ita. In ta huce a gabanka, har jikokinka sai sun sha gori.

"Wallahi asusu babu ko dinari," in ji shugaba.

"Mu ma ba sauri muke ba," in ji wata tsohuwa, tana cire takalmanta.

Tururin ya fara sirancewa. Shugaba ya share gumi.

"Ku sha. Kun samu abin da ya kawo ku."

Suka kurɓa a tare, har da lumshe ido. Ma'ajin hukuma ya miƙe, ya zare takardar sayen sabuwar motar shugaba daga gabana, ya ninke ta, ya fita. Kuɗin motar sun koma gidan kulawa.