Ba Komai, Inna

Tun da aka nemi izinin kafa hasumiyar rediyo a kan rijiyarmu, doka ta ce kullum sai wani daga gidanmu ya je gaban na'urar ƙaramar hukuma ya ce ba mu yarda ba, in ba haka ba a ɗauka mun yarda.

Yau muryar Baba, Malam Tanimu, ta dishe. "Je ki, Ladingo," ya ce da kyar. "Ki ɗaga murya."

Na bi layi har rana ta take.

"Sannu, 'yan mata," in ji na'urar da muryar dattijuwa. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Mun wahalar da ku kan hasumiyar nan."

Na sunkuyar da kai. "Ba komai, Inna."

"Madalla. Gidan Malam Tanimu sun ce ba komai. Na gaba."