Allon da Ya Cinye Idon Shaho

Ranar da aka kawo sababbin allunan kwamfuta maɗaba'ar, Shaho bai zo aiki ba, ya kai matarsa asibiti. Abokin aikinsa Dogo ne ya tsaya aka haɗa wa Shaho nasa allon, har ya goge masa tebur. Shekara ashirin da biyu ke nan su biyun suna duba kurakurai a ɗaki ɗaya, teburansu na fuskantar juna, da rana kuma kwano ɗaya suke sa hannu.

Ba a banza ake ce masa Shaho ba. Ko waƙafi ɗaya ne ya ɓuya a shafi ɗari, sai ya zaƙulo shi da jan biro. Amma washegari da ya zauna gaban sabon allon, faffaɗa kamar taga, sai ya ga rubutu ya koma jerin tururuwa. Allo ya yi girma, baƙaƙe sun ƙanƙance. Ya murza ido, ya matso da kujera, bai ga canji ba.

Abin ya zo masa a mugun lokaci, domin Maigida ya riga ya faɗa cewa aiki ya ja baya, nan da wata uku mutum ɗaya zai rage a ɗakin.

Shaho ya leƙa ta gefen allo ya raɗa wa Dogo damuwarsa. Dogo ya cire tabaransa mai kauri kamar gindin kwalba, ya ce ai haka sababbin suke, shi ma haƙuri kawai yake yi.

"Amma kada Maigida ya ji," in ji shi. "Yau ka ce ba ka gani, gobe a ce ka tsufa."

Shaho ya ga gaskiyarsa. Shi mutumin takarda da biro ne, abin da ya sani a kwamfuta bai wuce kunnawa da kashewa ba. Ga kuma girman kai, wanda a gaskiya yana da shi daidai gwargwado. Mai suna Shaho ya je yana tambayar yadda ake gani?

Haka ya riƙa aiki hancinsa na kusan taɓa allo, ido na ruwa, kai na sarawa. Dogo da kansa ya goya shi a babur zuwa wurin likitan ido. Likita ya gwada ya ce idon nan ya fi na samari da yawa. Shaho ya dawo gida da baƙin ciki, yana ganin likitan lallashinsa kawai ya yi. Dogo ya sayo masa maganin ɗigawa, kullum yana tuna masa lokacin sawa.

A wata na biyu abin da ake gudu ya faru. Katin gayyata ɗari biyar suka fita da ranar sha takwas ga wata a inda ya kamata a ga sha uku, kuma Shaho ne ya sa hannu. Masu taro suka zo har ƙofa suna zazzaga masifa. Maigida bai ɗaga murya ba, ya dai ce kowane ido da ranar hutunsa. Wannan maganar ta fi mari ciwo. Dogo kuwa har da hawaye.

Ranar sallama Shaho yana tattara birukansa, Dogo ya fita nemo masa kwali, sai ga mai gyaran kwamfuta ta shigo za ta ɗauke allon. Kafin ta cire waya ta latsa nan ta latsa can, sai rubutu ya kumbura ya cika allo, ɓaro-ɓaro. Shaho ya ja da baya har bakin ƙofa, ya karanta layi uku ba tare da ya ƙyafta ba. Da kyar ya iya tambayarta ko da ma ana iya yin haka.

Daga waje ya ji muryar Dogo yana tambaya ko kwali ɗaya zai isa.

"Ai da ma a haka na saita shi ranar farko, Baba," ta ce tana naɗe waya. "Abokinka ne ya ce in mayar da rubutun naka ƙarami, wai kai Shaho ne, manyan baƙaƙe raini ne a wurinka. Nasa kuwa sau biyu ya sa na ƙara masa girma."